Gero Ya Yi Baƙi Daga Paris

"...da gajiyar hanya?"

"Babu gajiya, Kaka."

"Ya mutanen Paris?"

"Lafiya lau, suna gaishe ki."

"Ƙarya kake. Wa ya san ni a Paris? Kai ma da ka san ni, dubi hannunka. Miji ya zo wurin matarsa hannu rabbana, sai akwatin kusu."

Ina kicin ina zuba shayi na ji wannan magana, sai da na ajiye butar. Wata huɗu ke nan ban ji Kaka ta kira jikanta Abdulrazak mijinta ba. Tun ranar da muka rasa Mardiya wasa ya bar gidan nan na Rillieux-la-Pape, a gefen Lyon.

Mardiya ƙawata ce. Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare a gidan kula da tsofaffi a Lyon. Kaka mahaifiyarta ce, Abdulrazak kuma ɗanta ɗaya tilo, yana karatu a Paris. Mardiya ta bar kusun daji guda biyu a akwatin gilashi, irin waɗanda Faransawa ke kira jarbil suna kiwonsu cikin ɗaki. Ta ce suna tuna mata da gonar babanta a Tawa. Ta sa musu Gero da Dawa. Wata ɗaya bayanta Dawa ya mutu. Gero ya bar haƙa rami, ya bar gwaguyar kwali, ya kwanta a lungu yana ta ramewa.

Sati biyu da suka wuce Abdulrazak ya kawo 'yan ƙanana biyu daga Paris. Ba a haɗa su kai tsaye, don babba na iya kashe baƙi. Sai ya raba akwatin biyu da ragar waya, ni kuma kullum in na tashi aiki in hau bis in zo in sauya musu gefe, don su saba da warin juna. Asabar da ta wuce mun cire ragar, Gero ya bi ƙaramin da cizo, da ƙyar muka raba. Yau ce gwaji na ƙarshe. In ya sake ƙin su, Abdulrazak zai sa su a akwatin da ya zo da shi ya koma da su a jirgin ƙasa na ƙarfe biyar, Gero ya ƙarasa kwanansa shi kaɗai.

"A Tawa," in ji Kaka, "kusu in ya shiga rumbu, sanda ake ɗauko masa. Nan an gina masa gidan gilashi, an kawo masa baƙi a jirgi mai gudu. Ni da na aure ka, ko bayan keke ka taɓa ɗora ni?"

"Keke? Ai yanzu a aljihu zan sa ki. Tanti Kadi ta ce ba kya cin abinci."

"Kadidiatou munafuka ce."

"Ina jin ki, Kaka," na ce daga kicin.

"Don ki ji na faɗa."

"Ke da Gero kun haɗa baki kuna yajin ci," in ji Abdulrazak. "In kika ƙara ramewa sakin ki zan yi. Akwai wata tsohuwa a Clichy, a benenmu, kullum sai ta aiko min da dambu."

"Makauniya ce?"

"Idonta garau."

"To hancinta ne ya toshe. Je ka, na yafe mata kai. In ta ga yadda kake cin tuwo da hannu biyu, da ƙafarta za ta maido ka."

Ya yi dariya, ya ciro waya. "Bon. Ku saurara. An ce in sun kwana kusa da juna a jikin ragar, alama ce mai kyau. Tanti, sun yi?"

"Kwana uku a jere."

"Voilà. In Gero ya buga ƙafa a ƙasa, tsoro ne. In suka dunƙule kamar ƙwallo, faɗa ne, a raba nan take."

Ya zura safar hannu ta fata, ya ɗauki kofin roba na raba faɗa. Kaka ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Allah Sarki. Soja ya yi shirin yaƙi. Kakanka da hannu ya kama kumurci a rumbu."

"Ba shi ne aka ce zakara ya kore shi daga masallaci ba?"

"Zakaran na da aljanu. Buɗe, mu ga jarumtarka."

Ya ɗaga ragar da faɗin yatsa biyu. Gero ya miƙe tsaye, gashin bayansa ya tashi, ya fara buga ƙafafun baya a ƙasa, tat-tat-tat. Ƙananan suka maƙale a lungu. Haka ya fara wancan satin.

"Mayar," in ji Kaka.

"Mais Kaka, ban ma..."

"Na ce mayar."

Ya mayar. Ta dafa gwiwa ta tashi ta shiga ɗakinta. Da ta fito, tana riƙe da leda a ƙulle. Na san ledar. Kallabin Mardiya ne a ciki, shuɗi mai ɗigon fari, wanda ta cire da safen da muka kai ta asibiti. Kaka ba ta wanke shi ba. Na taɓa ganin ta ta kwance ledar, ta sa hanci ta ja numfashi sau ɗaya, ta yi maza ta ƙulle don kada ƙamshin ya fita.

Abdulrazak ma ya gane. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Mi za ki yi da shi?"

"Zan goge baƙinka da shi. Gero ya san mai kallabin. Nan yake hawa kafaɗarta ya shige cikin jelar kallabin tana kallon tele."

"A'a, Kaka. In kika goga musu, warin kusu zai yi. Shi ke nan, ya tafi."

"Wa ya tambaye ka?"

"Kaka, don Allah."

Ta zauna, ta ɗora ledar a cinya. "Kai, ka san irin cizon da ka yi min? Uwarka ta samu karatu a ƙasar nan, ta bar min kai kana shekara ɗaya da wata biyu. Kwana uku kana ihu. Na ba ka koko ka tofa min a ido. Na ɗauke ka ka kafa min haƙora huɗu. Ga tabon nan."

"Wannan ai ƙunar tukunya ce."

"Haƙorinka ne, marar kunya. Sai na tuna yadda muke yi wa ɗan akuya in uwarsa ta mutu. A shafe shi da nonon wata akuyar, ta sunsuna ta ji nata, ta bar shi ya sha. Na ɗauko zanen da uwarka ta bari a kan igiya, na goya ka da shi. Kafin in kai bakin zaure ka yi barci, miyau na zuba min a baya. Tun daga ranar ka liƙe min. Wayarka ta san wannan?"

Ya juya kofin a hannu. Can ya ce, "Wayar ta ce kada a ba su tsumma, zare na shaƙe su."

"Na ce ba su zan yi? Miƙo min ƙaramin."

"Ke da kika rantse ba ki taɓa kusu?"

Ba ta jira shi ba. Ta sa hannu cikin akwatin, ta tallabo ƙaramin da tafi biyu, ba ta kama jela ba. Shi ma bai ko motsa ba, kamar ya saba.

"Lallai! Wa ya koya miki?"

"Wa kake tsammani ke sauya musu ɗaki bayan azahar? Sau ɗaya a yini zai isa? Ragwaye."

Na riƙe baki. "Kaka! Kwana goma ina zuwa ina tarar da su ba inda na bar su ba. Na ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa min kai!"

"Dā ma can a taɓe yake, ɗiyata. Kwance min ledar nan."

Na kwance. Ƙamshin ya fito, man kaɗanya da turaren wutar da Mardiya ke turara kayanta da shi ranar Juma'a. Na ji kamar ta shigo ta tsaya a bayana, za ta ce min, "Kadi, kin sake barin shayi ya huce." Kaka ta naɗe ƙaramin, ta shafa masa baya da ciki a hankali, ta mayar. Ta yi wa na biyun haka. Sannan ta ɗauko Gero.

Abin da na gani ba zan manta ba. Wannan ɗan tahaliki da bai cika tafin hannu ba, da ya ji kallabin sai ya tsaya cik. Ya tura hancinsa cikin ninkin, ya ƙara turawa, har kansa ya ɓace. Ina kallon haƙarƙarinsa na hawa da sauka. Ashe shi ma yana nema. Wata huɗu muna kuka a gabansa, ba mu san yana cikinmu ba.

"Subhanallahi," in ji Abdulrazak a hankali.

Kaka ta mayar da shi. "Yanzu cire. Gaba ɗaya. Kuma ka tuɓe wannan safa, kana ba mu kunya."

Ya cire ragar. Muka durƙusa mu uku a gaban gilashin. Gero ya miƙe tsaye. Ƙafarsa ta buga sau ɗaya, ta tsaya. Ya taho a hankali, ya sa hanci a bakin ƙaramin, ya zagaya bayansa, ya dawo.

"Zai cije shi," Abdulrazak ya raɗa.

"Ba kowa ne kai ba."

"Dubi gashinsa."

"Dubi naka. Rufe baki, numfashinka na tsorata su."

Ƙaramin ya sunkuya, ya tura kansa ƙarƙashin haɓar Gero, ya kwanta. Ya ba da wuyansa ga wanda ya cije shi kwana bakwai da suka wuce. Na kama hannun Kaka ban sani ba. Gero ya tsaya a kansa, ya daɗe. Sai ya sunkuyar da kai ya fara lasar masa bayan kunne, yana gyara masa gashi da 'yan hannuwansa. Na biyun ya rugo ya cusa kai shi ma, wai kada a manta da shi.

"Ikon Allah," in ji Kaka. "Wa ya gaya masa marayu ne?"

Ba mu tashi ba sai da muka yi azahar, ɗaya bayan ɗaya, don kada a bar su babu ido. Shayi ya huce. Wajen ƙarfe uku muka ji wani sauti, ƙurus-ƙurus-ƙurus. Gero ne ya rungume kwali yana gwaguya. Wata uku ba a ji wannan ƙara a gidan ba. Kafin la'asar sun kwanta a lungu ɗaya, wani kan wani, ba ka gane jelar wa ce wannan.

"Wannan Wake, wancan Gujiya," in ji Kaka. "Na raɗa musu."

"Ni na kawo su fa."

"Kai ma wani ya kawo ka, ni na raɗa maka sunan gida. In faɗa wa Kadi?"

"A'a! Na yarda. Na yarda, Kaka, kin fi waya."

"Ƙara faɗa, kunnen nan ba ya ji."

"Kin fi waya, kin fi tsohuwar Clichy. Na maido ki ɗakinki."

"Wa ya ce na fita?"

Ta ɗauki kallabin daga cinyarta, ta kai hanci. Ta daɗe. Sai ta yi wata 'yar dariya, idonta cike da ruwa.

"Kusu," ta ce. "Kusu zalla." Ta miƙa masa. "Ungo, tafi da shi Paris. Yanzu kai da shi warinku ɗaya."

Ya karɓa da hannu biyu yana dariya, ya rufe fuskarsa da shi. Dariyar ta tsaya. Ya shiga juya shi, yana bin gefe-gefe da hanci.

"Kaka. Akwai saura. Nan, wajen ƙullin. Wallahi akwai saura."

Ta matso. Ni ma na matso, ban nemi izini ba. Muka haɗa kai mu uku a kan ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba. Tana nan kuwa. Man kaɗanya, da turaren Juma'a.

"Matsa can," in ji Kaka, ta ture shi da kafaɗa. "Wannan ƙaton hancin naka zai shanye mana ita."