Rasuwar Injin Motar Malam Illo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gargaɗi ga duk mai motar da ba ya son jin labarin da bai yi masa daɗi ba, Malam Illo na Dogon Dutsi yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin motarsa, wanda unguwa ta sani da Sarkin Tari. Ya cika ranar Talata da hantsi a garejin Altine, kwance kan tsohuwar taya.

Marigayin mai haƙuri ne. Shekara goma sha bakwai yana jan gero da wake daga Dogon Kiriya, bai taɓa tambayar buhu nawa aka ɗora ba. Kowace safiya sai ya yi "kar-kar-kar, gyam!" sau uku kafin ya tashi, har matan unguwa na ɗora koko da shi.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga allurar da ke nuna zafi. Malam Illo mutum ne mai yawan fargaba, da allurar ta motsa sai gabansa ya faɗi. Don ya huta, sai ya liƙa hoton 'yarsa Afra'u a kanta. Wata biyar yana tuƙi yana kallon murmushin yarinya, injin na dahuwa a bayan hoton. A hanyar Kore Mairuwa ya yi "fuuu", ya yi shiru.

Altine ya ciro shi daga motar, ya ɗaure shi da igiya a gindin bedi, wato dogon yaro, don kada ya yi tsalle, ya kwance buji huɗun nan, wato fulogi, ya jona batir da wayoyi. Ya ce za a auna sauran numfashinsa ta ramukan bujin, rami bayan rami. A na farko allurar agogon awo ta ɗan ɗaga, Malam Illo ya fara godiya. A na biyu da na uku ko gezau. Aka zuba cokalin mai a kowanne, aka sake juyawa, shiru. Daga nan Altine ya toshe rami na huɗu da babban yatsansa. Injin mai lafiya ture yatsa yake yi. Marigayi kuwa hura shi ya yi a hankali, kamar tsoho da kofin shayi. Altine ya cire hula.

Marigayin ya bar gangar mota mai taya huɗu, biyu daga ciki masu lafiya, da batir, da hon da ke raye har yanzu. Ya kuma bar Afra'u, wadda ta ci jarrabawa za ta tafi makaranta Dosso ranar Asabar. Uban ya rantse shi zai kai ta da kansa, da katifarta da akwatinta, domin a ganinsa duk direban tasha gudu yake yi. Mahaifiyarta Sahura ta ce yarinyar da ta ci jarrabawa ba za ta kasa shiga motar haya ba.

Za a ɗauki gawar a amalanken Sharif gobe bayan la'asar zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Zaman gaisuwa a gindin bedin, akwai shayi. Ana roƙon masu zuwa kada su ambaci hoton. Wanda zai kai Afra'u Dosso ranar Asabar kuwa, har yanzu ba a sani ba.