Jinin Bakin Iya Tasalla

A ƙarshen garinmu, inda gidaje ke ƙarewa kukoki su fara, Nomau yake zaune da tsohuwarsa, Iya Tasalla. Bawan Allah ne, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ita kuwa dasashinta ne ya yi jajawur ya kumbura. Ba ya ciwo, amma ko aswaki ta sa sai jini. Ga shi yaran gari na ta kwanciya da zazzaɓi, kuma a garinmu tsohuwa mai jini a baki sunanta mayya.

Wata rana ta miƙa masa aswakin ta ce, "Kai shi inda ba mai gani." Nomau ya yi tunani, marasa gani ai matattu ne. Ya je maƙabarta ya binne shi a gefen sabon kabari. Mata masu itace suka hango shi. Daga ranar ba wanda ya ƙara zuwa ɗiban wuta gidan.

Wata rana ya kai ta asibiti. Malamin asibitin ya duba ya ce, "Dauɗa ce ta maƙale a gindin haƙora. Jiki ya turo jini ya yaƙe ta, jijiyoyi suka buɗe, naman ya yi taushi. Bai kai ƙashi ba, zai warke. Duk inda ka ga ja da kumburi, wanke da ruwan gishiri." Da Nomau ya gama wanke wa Iya baki, sai ya bi zakarun unguwa yana wanke musu jan naman kansu, shiru, ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina da na gan shi sai da tsigar jikina ta tashi.

Wata rana aka taru ƙofar mai unguwa Barau, aka zaunar da Iya a tsakiya kan zargin maita. Barau ya ce, "Duk wanda aka samu jini a bakinsa, yau zai bar garin nan."

Nomau ya miƙe. Ya bi dattawa yana ɗaga leɓensu yana danna dasashi da yatsa. Wannan jini, wancan jini. Ya zo kan Barau ya danna, ya duba yatsansa ya ga jini, ya durƙusa cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, in ɗauko maka jaki, ko da ƙafa za ka tafi?"

Ba wanda ya bar garin ranar.