Falwaya Ba Waya

Ba zan taɓa mantawa da yinin da na so in sayar wa gwamnati wutar lantarki ba, a garin da bai taɓa ganin ta ba.

Na yi shekaru ina yawon aiki a ƙasashen waje, na tsinci Faransanci da Turanci da ɗan Larabcin kasuwa, sannan na dawo ƙauyenmu, kusa da Galadi, da furfura da yawan labari. Wata damina aka aiko cewa jami'an wata hukuma za su zo daga Shinkafi su ji irin tallafin da muke so a kan sola ta gidaje. Yadda hanyar nan take, kowa ya san zuwa ɗaya za su yi. Abin da muka faɗa ranar, shi za su tafi da shi. Hakimi ya ce ni zan yi magana, tunda na ga duniya. (Ban yi ko tayin ƙi ba.)

Na sa babbar riga, na tsaya a dandali na fara. Na ce a Mali na ga an ɗage kuɗin kwastan a kan kayan sola, sai dai ɗan kasuwa ya fi mai gida morewa. Na ce a Indiya gwamnati kan ɗauke wa mutum wani kaso na kuɗin kayan, shi ya cika sauran. Wannan na wuce shi da sauri, don ban gan shi da burgewa ba. Sai na zo kan Jamus, inda zuciyata take.

"A can," na ce, "wutar da ta yi maka yawa ba ta ɓaci. Sai ta bi waya ta koma wa hukuma, a biya ka. Mu ma shi muke so. Ta nan za ta bi!"

Na ɗaga sanda na nuna falwayar da ke tsakiyar dandali. Kowa ya ɗaga kai, har baƙin. Falwayar nan tun ina saurayi aka kafa ta, ba a taɓa ja mata waya ba. Abin da ke samanta sheƙar shamuwa ce, a gindinta kuma akuyar limamin gari ce a ɗaure. Shamuwar ma ta leƙo.

Babban jami'in, yaro mai ladabi, ya rufe bironsa a hankali ya ce, "To Baba, wannan sai an kawo layi tukuna." Na ga ya fara neman hularsa. 

Sai taubashina Ɗanjumma, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara ba ya raga mini, ya yi gyaran murya daga kan buzunsa.

"Ranka ya daɗe, ku yi mai uzuri. Gangar jikinai ɗai ta dawo, hankalin na can Jamus bai samu mota ba." Aka fashe da dariya, har jami'in. "Amma tsohon ga ya faɗi magana tsakiya, shi da kainai bai ji ta ba. Ta mutanen Indiya muka so. Ku ɗauki kaso, mu cika namu in an yanke gero."

Jami'in ya buɗe bironsa.

Ba kowa ya samu ba, kuma an ja lokaci, amma yau akwai gidaje da dama a garinmu da fitila ke ci da fanka, har da nawa. Da la'asar ranar taron na je yi wa Ɗanjumma godiya, ya ce in bar ta, shi dai ya samu abin tsokana har kabari. Ya kuwa cika alkawari. Jikokina ma Baba Jamus suke ce mini.

Har yanzu ina kwatanta ƙasashe, hali ne. Sai dai kafin in nuna abu da sanda, nakan fara ɗaga kai in duba ko shamuwa na zaune a kai.