Motar Kawu Ado da Safar Makaranta

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa da abin da na fara gani ba ranar da na sauka gidan Kawu Ado a Gwaram don yin hutu: motarsa ta haya a gindin darbejiya, bonet a buɗe, shi kuma yana tsaye yana yi wa injin fifita da faifan matarsa Inna Larai, kamar mai jinya. Lokacin jihar Jigawa tana sabuwa, hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu ba ta rabo da fasinja, amma motar Kawu da zarar rana ta take sai ta yi laƙwas. Ko ɗan hawa ta gani sai ta kama nishi.

Ina aji huɗu a makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kudu, kuma ni irin ɗaliban nan ce da ko sun san amsa ba sa ɗaga hannu. Sai dai akwai ni da kallo. Na durƙusa ina gaishe shi, idona yana cikin bonet. Na lura bakin da injin yake shaƙar iska da shi yana daf da ƙarfen da hayaƙi ke fita ta cikinsa, har fentin wurin ya toye. A zangon da ya wuce kuwa malamin kimiyya ya gaya mana wuta ta fi ci da iska mai sanyi. Kwana biyu maganar tana cina. A na uku, ina miƙa masa kwanon fura, na faɗa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

"Me kika ce, 'yar gidan Kawu?"

"Cewa na yi... ai iskar zafi take sha."

Ya ajiye ludayi, sai ya tafa hannu. "Wallahi shi ya sa da asuba take gudu kamar barewa! Tashi mu je!"

Ban taɓa jin daɗin wani hutu kamar wannan ba. Kawu ya samo ragowar bututun roba na aikin famfo da gwiwa biyu, muka yanka robar cikin tayar keke don ɗauri. Ni ce mai awo, da rular makaranta. A murhun Inna muka gasa bakin bututun don ya buɗe (ranar ta ce ko tuwonta warin roba yake, kuma gaskiyarta). Muka jona shi da gwangwanin matatar iska, muka bi da shi ta gefen batir, muka fito da bakinsa bayan ragar gaba, kusa da fitila, inda iskar hanya ke bugowa. Da ya tayar da motar sai muryarta ta sauya, ta koma wani gurnani mai kauri. Ya je Maruta ya dawo yana rantsuwa a giya uku ya hau hawan da a da sai da giya biyu. Washegari duk tashar Gwaram ta ji labari. Direbobi suka sa mini suna Injiniya. Ina sunkuyar da kai kamar ba na so, amma a zuci kaina ya gama fasuwa.

Fasuwar kan ce ta kai ni. Wata rana ina ɗiban ruwa a randar Inna, wadda take naɗe wa jiƙaƙƙen buhu don ruwan ya yi sanyi, sai na ce a raina: to, me zai hana a yi wa iskar mota haka? Da safen ranar komawa makaranta, kafin Kawu ya fito, na ɗauki farar safata ƙafa ɗaya, na tsoma a ruwan randa, na zura hannu ta bayan raga na sa wa bakin bututun, na ɗaure da robar gashi. Ban gaya wa kowa ba. So nake sai mun isa Birnin Kudu, Kawu ya ce yau motar ta fi kullum, sannan in yi murmushi in fasa sirrin.

(A nan ya kamata in faɗi cewa a makarantarmu doka ce kowace ɗaliba ta ɗinke sunanta da na mahaifinta da ajinta a jikin duk kayanta da jan zare. Ni kuwa ɗinkina ya fi na kowa fitowa.)

Mota ta cika, ina gaba tare da wata tsohuwa mai kwaryar daddawa. Ɗanjummai, abokin tsokanar Kawu a tasha, ya taso a bayanmu, Kawu kuwa ya ƙudura ba mai wuce shi yau. Mun kusa Kangire ya take totur har ƙasa. Sai na ji wani "fuut!" Motar ta yi tari, ta saki baƙin hayaƙi, ta mutu a gefen hanya.

Ɗanjummai ya rage gudu ya leƙo. "Ado, iskar ce ta yi sanyi da yawa? Mura ta kama ta?"

Na sauka na faki ido na leƙa bayan raga. Robar gashi tana nan. Safa babu.

Nan ne fa abin kunyar na gaske, domin na sani, amma na yi gum. Kawu ya kwance fulogi ya goge, ya zuƙi fetur da baki ya tofar. Gumi ya jiƙa masa riga. Na ji yana cewa a hankali, "Innalillahi, in dai injin ne ya buga, na shiga uku." Da motar nan gidansa yake ci. Sau nawa na buɗe baki, sai kunya ta sa in fasa. Aka ɗauko wani bakanike, Malam Sabo, daga Kangire a kan babur. Ya kwance kafireto, ya hura, ya mayar. Fiye da awa guda fasinja suna tsaki a rana.

Daga ƙarshe Malam Sabo ya cire bututunmu, ya ce a tayar. Motar ta tashi nan take.

"Ka gani, Alhaji? Wannan shirmen ne ya shaƙe ta."

"A'a," in ji Kawu. "Yarinyata ba ta shirme. Sati biyu yana aiki lafiya."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Malam Sabo ya ɗaga bututun ya saita shi da rana, bai ga haske ba. Ya zura waya ya yi ta sakata, sai ga wani baƙin abu ya fito daga gwiwar. Ya riƙe shi da yatsa biyu, ya warware. Duk baƙin hayaƙin nan bai rufe jan zaren ba. Ya gyara murya ya karanta sunana da na mahaifina da ajina, kamar mai kiran rajista.

"Ikon Allah," in ji tsohuwa mai daddawa. "Yau na ga motar da ke cin safa."

Kawu ya juyo ya dube ni. Na rufe fuska da mayafi, na ce, "Randar Inna na gani..." Ban ƙarasa ba ya gane. Ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa, yana share hawaye da hula. Sannan ya ce a mayar masa da bututunsa yadda yake, don shi bai ga laifinsa ba.

Tun ranar na gane mota ba randa ba ce, kuma kunyar da ta hana ni magana ta minti ɗaya ita ta jawo mini kunyar da har yau ake ba da labarinta a tashar Gwaram.

Sai da kowa ya shiga mota na tuna ana ƙirga kayan ɗalibai a bakin get, kuma wadda safarta ba ta cika ba wankin banɗaki za ta yi sati guda. Malam Sabo har ya hau babur, yana goge hannu da safar. Na lallaɓa na durƙusa a gabansa.

"Malam, don Allah... a taimaka a ba ni safata."