Inda Yallaɓai Zai Yi Zamiya

Ranar da abin nan ya faro, a ƙofar mamak ɗin unguwarmu aka tsare ni. Mamak, ga wanda bai taɓa zuwa Kuala Lumpur ba, shi ne mai shayin nan garin, sai dai nasu da rufi da fanka. Na taso daga gida a Danau Kota a ƙafa, rana tana dukan ƙeyata, takunkumina ya jiƙe sharkaf da gumi. Mai gadi ya ɗora min bindigar gwada zafin jiki a goshi, ta yi ƙara, ya yi tsalle baya. Na ce bawan Allah, rana ce, ba korona ba ce. Ya ce "Tak boleh," wato ba ta saɓuwa, sai in je gaban fanka in tsaya har goshina ya huce. Ina nan tsaye kamar wankin da aka shanya, sai wayata ta ɗauki ruri. Lambar ƙasarmu ce.

"Kai ne Bala Tikiti?"

Na ce ni ne, duk da dai tun da annoba ta shigo ban yanka wa ko kaza tikitin jirgi ba.

Jama'a, ashe Yallaɓai ne da kansa. Mai Girma Shugaban Kwamitin Jin Ƙan Ɗalibanmu na Ƙetare, Bangon Masu Karatu, Mai Share Hawaye In An Tuna Masa. Mutumin da ɗalibai suka shekara suna kiran wayarsa ana ce musu yana taro, yau shi ya kira ni. Sai da na rusuna a gaban fankar.

"Bala, yaya sanyi? Ƙanƙara ta fara sauka?"

Na dubi gumin da yake ɗiga daga gemuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, tana hanya."

Kada ku yi masa dariya da yawa, don ba shi kaɗai ba ne. A wurinmu duk inda jirgi ya kwana yana tafiya kafin ya sauka, Turai ne. Indiya Turai, Sin Turai, Malesiya Turai. Gwaggona har yau in ta kira ni sai ta ce in riƙa sa safa. Bambancin kawai, ita Gwaggo ba ita take kula da ɗaliban da aka turo ƙasar ba.

Ya ce kwamiti zai zo ya ga halin da yara suke ciki a wannan annoba, don abin yana hana shi barci. Kuma tunda Disamba ce, yana so in zaɓar masa wuri mai kyau na wasan nan da Turawa suke yi a kan dusar ƙanƙara, a ɗaura katako biyu a ƙafa a gangaro daga tsauni. Na ce, "Zamiya ke nan, ranka ya daɗe." Ya ce yauwa, ita, so yake ya koya. Ikon Allah! Mutumin da ya shekara huɗu yana zame wa ɗalibai ba tare da ya taɓa faɗuwa ba, wai shi zai biya Bature ya koya masa zamiya.

Da sai in ce ba ni da lafiya in kashe wayar, ba don Malam Abdurrahim ba.

Malam Abdurrahim maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba mu. Kwamitin Yallaɓai ne ya turo shi digiri na uku kan cututtukan shinkafa. Shekara biyar yana abu ɗaya, har furfura ta fito masa a nan. An sa masa ranar kare kundinsa a watan Janairu, bizarsa kuma za ta mutu ƙarshen Disamba. Jami'a ta ce za ta sabunta masa, abu ɗaya take so: wanda ya turo shi ya sa hannu cewa har yanzu ɗalibinsu ne. Tun azumi ya aika wa kwamiti takardar can gida, kullum amsa ɗaya, tana kan teburin Yallaɓai. In wata ya ƙare ba sa hannu, dole ya tattara ya fita, ga iyakoki a rufe, ba ranar dawowa. Shekara biyar ta tafi a banza ke nan. Mutumin nan ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma wallahi ina jin tausayinsa har cikin raina.

Da na ba matata Barira labarin wayar, ta ajiye ludayi ta ce, "To ai ga teburin ya taso da ƙafarsa zai zo. Ka samo masa ƙanƙararsa, Malam ya samu sa hannunsa."

Na zauna na duƙufa. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin zoɓo, na zama masanin tsaunukan duniya. Yallaɓai ya sauka, aka killace shi a wani otal a Bukit Bintang kamar yadda doka ta ce, mai wurin wanka a saman bene, don jin ƙan ɗalibai ba ya yiwuwa a ƙaramin ɗaki. Kullum sai na kira shi da sabon wuri.

Na ce Japan, an ce dusarsu laushi gare ta kamar garin tuwo, amma sun rufe ƙofa. Ya ce to su riƙe kayansu. Na ce Suwizalan, sai dai biza da sake killacewa. Ya ce shi ba akuya ba ne da za a yi ta ɗaure shi. Na ce Turkiyya, ga abincin halal, ga masallaci a gindin tsauni. Ya yi tsaki, ya ce wani shugaban kwamiti da ba sa ga maciji da shi ya je can bara, kowa ya ga hotunan, shi ba zai maimaita tsaunin wani ba.

Sai na ce ya faɗa min sharuɗɗansa in huta. Yana son ƙanƙara mai yawa, amma ban da sanyi, don sanyi yana tayar masa da ciwon gwiwa. Yana son tsauni mai tsawo, amma kada a ce ya hau. Kada ya faɗi, in kuma ya faɗi kada a gani. A samu shinkafa da miya kusa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace ƙasa ke nan?"

"Wace ƙasa kuma? Haba Bala! Aikin gwamnati na zo yi, takardata Malesiya ta ce. In na fita ai sai a ce yawon shaƙatawa na zo. A nan cikin gari za ka samo min."

Kun ji riƙon amana. Na yi ta maza na gaya masa gaskiya, cewa garin nan tun da Allah ya halicce shi yanayi biyu gare shi, zafi da ruwa, wani lokaci su haɗu su zo tare. Can ya sassauta murya ya ce, "Bala, in na koma gida ba hoton ƙanƙara, wa zai yarda na fita waje?"

To fa. Ashe ba zamiyar ba ce, hoton ne.

Barira ce ta warware. Ta tuna min wurin wasan yara da ke kan tsaunin bayan gari, inda muka taɓa kai 'ya'yanmu kafin annoba. Akwai wani ɗaki a can da inji yake feso dusar ƙanƙara. In za a faɗi gaskiya, ƙaton firji ne mai ƙofar shiga da ta fita. Na kira Yallaɓai na ce an dace, na samo wurin da babu wani shugaban kwamiti da ya taɓa zuwa. Wannan kam ban yi ƙarya ba.

Da aka sallame shi daga killacewa, ya fara aikin da ya kawo shi ba kama hannun yaro. Ya duba halin ɗalibai a kantin agogo, ya duba a kantin turare, ya duba a gidan abincin Larabawa, takunkumi a ƙasan haɓa. Taron da aka shirya da ɗaliban kansu kuwa aka ɗage, saboda kiyaye dokar ba da tazara.

Ranar tafiya tsaunin na gabatar masa da Malam Abdurrahim a matsayin mai hoto. Malam ya sa rigarsa mai dama-dama, takarda a aljihun ƙirji, biro biyu don kada ɗaya ya ba da kunya. Yallaɓai ya fito cikin wata jibgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya, da hular ulu, da sanduna biyu na zamiya da ya saya a kanti, a garin da kwalta take narkewa. Muna hawa tsauni a mota yana tari. Ya ce na'urar sanyaya motar ce.

A ƙofar firjin, matar da ke karɓar baƙi ta dubi sandunan, ta dube ni. Na ce mata hoto kawai. Ta ce, "Boleh lah," wato ba komai, ta kau da kai don kada dariya ta ƙwace mata.

Ciki kuwa ba tsauni ba dalili. Wani ɗan tudu ne da yara suke gangarowa a kan tayar roba, sai gunkin dabba na roba a gefe, sai bututun injin a rufi. Yallaɓai ya cire takunkumi gaba ɗaya, don jama'ar gida suna da haƙƙin ganin fuskar shugabansu. Ya kafa sanduna, ya lanƙwasa gwiwa, ya dubi nesa, inda bango yake.

"Mai hoto, kada bututun nan ya fito. Ka kauce wa yaran can. Ka durƙusa, daga ƙasa tsaunin zai fi tsawo."

Malam Abdurrahim, mai 'ya'ya uku, mutumin da Turawa da Sinawa suke karanta rubutunsa, ya durƙusa a kan ƙanƙara da wandon yadi yana ɗaukar hoto. Na ji kunya ta kama ni, har na rasa inda zan sa idona. Da ya ga Yallaɓai ya yi murmushi ya yaba hotunan, sai ya miƙe, ya ciro takardar da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ni ɗalibinku ne. Sa hannunka kawai nake jira. In wata ya ƙare..."

"Allahu Akbar! Ɗalibinmu ne? Bala, ka ga irin yaran da muke alfahari da su!" Ya rungume shi ƙam, ya ja baya, ya saki wata atishawa a fuskarsa da sai da yaran kan taya suka waiwayo. "Alhamdulillahi. Kawo biron. Kai, yatsuna sun ƙage. Bari mu fita."

Muka fita. Ya ce bari ya yi salla tukuna, ba a haɗa lamarin duniya da lokacin salla. Ya idar, ya ce a mota, ya fi natsuwa. A mota barci ya ɗauke shi, da munshari. A ƙofar otal ya farka, ya dafa kafaɗar Malam, ya ce irin wannan muhimmiyar takarda ba a sa mata hannu a titi, a aiko ta ofis, shi da kansa zai sa a ɗora masa a kan tebur. Kafin Malam ya buɗe baki ƙofar gilashi ta rufe. Jama'a, na kalli bidiyon zakarun Turai da yawa a makonnin nan, ban ga wanda ya gangara sumul haka ba, ba katako ba sanda.

Muka kama hanyar gida ni da Malam. Da muka iso ya ce, "Malam Bala, na gode, ka yi iya yinka." Washegari na ji ta bango ana jan akwatuna.

Sai ga waya daga ma'aikatan lafiya. Yallaɓai ya je gwajin hawa jirgi, an same shi da korona. Aka bi sawun waɗanda suka zauna da shi, aka zo aka zura mana tsinke a hanci. Ni da Malam duk mun kamu. Aka ɗaura mana abin hannu na killacewa, aka ce ko ƙofar gida kada mu leƙa.

To, mai korona ba a sa shi a jirgi. Jami'a ta rubuta wa hukuma cewa ɗalibinta yana kwance, aka ba shi izinin zama na musamman na wata guda. Ranar kare kundinsa ta faɗo a cikin watan. Ta bidiyo aka yi, daga ɗakinsa, da bargo a kafaɗa. Ina jin sa ta bango, muryar a dishe, yana bayani yana tari, yana ba da haƙuri yana ci gaba. Da aka jima sai na ji guɗar matarsa. Wallahi sai da na share ido.

Na buga bango na ce, "Dakta, barka!"

Ya ce, "Malam Bala, ka taya ni yi wa Yallaɓai addu'a. Da lafiyarsa ƙalau ya zo, da yanzu ina gida hannu rabbana."

Jiya wani ya turo min rahoton da kwamiti ya fitar a gida, da hoton Yallaɓai a kan tsauni, bututu bai fito ba. An rubuta cewa shugaban ya gana da ɗalibai ido da ido, kuma ya raba musu abin da ya zo da shi ba tare da nuna bambanci ba. Ina roƙon masu zagi a intanet su yi wa Allah su bar bawan Allah nan, don karon nan gaskiya aka faɗa, ni shaida ne. Ni da ba ɗalibi ba ma na samu kasona, har na kawo wa Barira.