Rasuwar Boro Apa, Firintar da Jan Launi Ya Ƙare Mata

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Tanjila Mondol, mai zana taswira da jadawali a ofishin wata ƙungiyar kula da ruwan sha da ke bakin kogin Meghna, take sanar da rasuwar abokiyar aikinta, firinta mai launi wadda kowa ke kira Boro Apa, wato babbar yaya. Ta cika ranar Litinin da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya, da takarda a bakinta.

Marigayiya ba ta taɓa zuwa a makare ba, ba ta taɓa tafiya shan shayi ta kwashe awa biyu ba, abin da ba za a faɗa game da kowa a ofishin ba. Aikinta ɗaya ne: buga taswirar famfunan ƙauyuka. Ɗigo kore, a sha. Ruwan ɗorawa, a sa ido. Ja, akwai guba a ruwan, a shafa wa bakin famfon jan fenti, a haƙa wa mutane wani. Duk wanda ya zauna kusa da ita zai tuna gyaran muryarta na safe, ƙirrr, ƙat-ƙat, ƙirrr.

Ciwon ajalinta ya soma da damina, jan launi ya daina fita. Sau huɗu Tanjila ta rubuta a kira mai gyara, sau huɗu aka ce ana dubawa. A makon jiya famfo arba'in da ɗaya masu guba suka fito ruwan ɗorawa a taswirar. Ranar Litinin shugaban ofis, Mokbul Saheb, ya ɗaga takardar yana tauna ganyen fan, goron mutanen can.

"Kin gani ko, 'yar nan? Ba ja ko ɗaya. Buga talatin, na taron Alhamis."

"Saheb, tawada ce ta ƙare, ba gubar ba."

"Ke dai kin cika karatu. Buga."

Aka danna. Boro Apa ta ja takardar har rabi, ta ce ƙat sau ɗaya, ta yi shiru. Takardar ƙarshe ke nan da ta ƙi kammalawa, kuma ita ce ta farko.

Ta bar wayar wuta ɗaya, da tawada kore kusan cike, da yaran ƙauyuka tara da har yanzu suke shan ruwan famfunan nan.

Za a ɗauki gawa a keken rikisha mai ƙafa uku zuwa wurin 'yan gwangwan ranar Laraba bayan sallar azahar. Daga nan sai zaman makoki a teburin Tanjila, inda kwafi talatin na baƙi da fari da aka buga a wata firinta ke jira. Ba a buƙatar furanni. Kowa ya zo da jan biro, ɗigo arba'in da ɗaya ne a kowace takarda. An yafe wa Mokbul Saheb halarta. Zai ga nasa kwafin a taro.