Takardar Amsa a Aljihun Malamin Wasanni

Ke, yau dai ta fashe! Ajiye wankin nan ki zauna, da gudu na taho, ko jakata ban sauke ba. Kin san shirin da ake mana na jarabawar lissafi ta shiga jami'a? To sakamakon gwaji ya fito. Abin da ya faru a ofishin shugabar makaranta kuwa a gabana aka yi shi, don ni aka aika in kai rajistar aji, suka manta ina tsaye a bayan ƙofa. Amma tsaya in ɗauko miki tun daga tushe.

Wani ne, malamin wasanni. Shekara tara yana makarantarmu, aikinsa usur da ƙwallo da "ku jeru". Rabonsa da lissafi tun yana ɗalibi, kuma ba rabuwar arziki suka yi ba. Ana nan sai malamar lissafinmu ta tafi hutun haihuwa, saura wata biyu a yi gwaji. Aka duba wanda zai riƙe ajin aka rasa, kowane malami ya ce nasa ma ya ishe shi. Shugaba ta kira mutumin naki ofis. Ta ce dama masu makarantar sun fara tambayar me ake yi da malamin wasanni, tunda an gine rabin filin da azuzuwa. In ya riƙe ajin yara suka ci gwaji, yana nan. In suka faɗi, ya nemi wani wurin busa usur.

'Ya'ya huɗu gare shi, ga gyatumarsa a gidansa. Ya ce ai lissafi ba wani abu ba ne, shi da kullum yake ƙirga maki a fili. Ya fito daga ofishin yana murmushi, gumi har cikin takalminsa.

To Malama ta bar littafin tambayoyin shekarun baya. Kowace tambaya zaɓi huɗu, A, B, C, D, amsoshin kuma suna shafin ƙarshe, jere guda daga sama har ƙasa. Da ya ga shafin nan sai da ya yi ajiyar zuciya. Tambayoyin dama an raba mana kwafinsu, sai ya ruga ya yi fotokwafin shafin amsar, don Malama ta aiko a mayar mata da littafinta ranar. Injin ofishinmu kuwa kowa ya san halinsa, cin gefen takarda yake. Ya cinye lambobin da ke gefen hagu, ya haɗa da layin farko na sama. Abin da ya fito haruffa ne zalla. Malam ya duba ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya ɗauki jan biro ya jera musu lamba da hannunsa, ɗaya, biyu, uku, har ƙasa. Amsar tambaya ta biyu ta hau kan ta ɗaya, ta uku ta hau kan ta biyu, kowacce ta shiga gidan maƙwabciyarta. Ya linke takardar ya sa a aljihun gaba, ya daddanna ta.

Dabararsa mai kyau ce, in kin bi ta kansa. Da safe kafin a buga ƙararrawa zai kulle kansa a ɗakin ajiyar ƙwallaye, ya zauna kan tarin raga, ya karanta tambaya, ya leƙa amsa. Tunda ya san inda zai sauka, ai hanya ce kawai ta rage. Matsalar ita ce hanyar ba ta taɓa kai shi can. Sai ya yi ta lanƙwasa ta har ta kai.

Ranar farko tambayar mota aka fara. Mota tana gudun kilomita sittin a awa, ta yi awa biyu, nawa ta ci? Duk ajin muka ce ɗari da ashirin. Ya leƙa aljihu. Takarda ta ce C, wato tasa'in. Ya tsaya yana kallon allo kamar allon ne ya ci amanarsa, sannan ya juyo.

"A cikinku wa ya taɓa ganin direban da ya yi awa biyu bai tsaya ba? Ba zai sha mai ba? Ba zai kama ruwa ba? Tasa'in. Ku rubuta."

Akwai wata a layin gaba, Kalkuleta muke ce mata, don kafin ki buɗe jaka ta gama. Ta ɗaga hannu ta ce da ladabi ba a faɗi tsayawa a tambayar ba. Ya ce ita da waɗanda suka rubuta jarabawar wa ya fi sani? Ya dafa aljihu. Ta buɗe baki za ta ƙara, ya busa usur. A cikin aji fa. Har malamin ajin kusa ya leƙo ya ga ko gobara ce.

Haka aka tafi. Kusurwoyin alwatika, ɗaya digiri sittin, ɗaya saba'in, ta uku nawa? Muka ce hamsin. Takarda ta ce arba'in. Ya zana alwatikar da kaurin layi, ya ce mu duba da kyau, goman alli ne ya cinye ta. Leburori huɗu sun gina katanga a kwana shida, takwas fa? Muka ce kwana uku. Takarda ta ce goma sha biyu. Wannan ko gumi bai yi ba. Ya ce da gani ba mu taɓa sa aiki ba, in leburori suka yi yawa ai hira ce, biyu na aiki shida na ba da shawara. Ya ce ma sun yi ƙoƙari da suka gama a sha biyun.

Wadda ta kusa kashe mu ita ce ta shekaru. Uba ya ninka ɗansa sau uku, in an haɗa shekarunsu arba'in da takwas, shekarun ɗan nawa? Ko 'yan bencin baya sun san sha biyu ne. Takarda ta ce talatin da shida. Kalkuleta ta miƙe a hankali ta ce, Malam, in ɗan talatin da shida ne, uban sha biyu ke nan. Ya taka zuwa taga ya dawo. Ya share allo, duk da babu komai a kai.

"Ku yara ne," in ji shi. "Ba ku san yadda mutane ke rage shekaru a takarda ba."

Wani lokaci kuma a yi sa'a harafi iri ɗaya ya biyo juna a takardar, sai amsarsa ta zo daidai da tamu. Ranar nan ba a zaman lafiya. Ya dinga zagaya aji hannu a baya yana cewa to, yau kun fara fahimta, da ma haƙuri ake yi da ɗalibi.

Mu kuwa haushi kamar ya kashe mu. Ba wai son lissafi ba, ke kin san ni. So muke mu kayar da mutumin nan ko sau ɗaya. Kalkuleta ta raba mu ƙungiya-ƙungiya. Kowace tambaya sai mun warware ta ta hanya uku kafin ya shigo, don in ya toshe ɗaya mu ɓullo masa ta wata. Muka kwashe littattafan laburare da tun da aka saye su ba a taɓa buɗewa ba, wasu shafukan ma a manne suke. Lokacin hutun tara babu mai fita. 'Yan bencin baya da aikinsu barci, su ne suka haddace dokokin kusurwa, wai don su ga idonsa in sun jefa masa. Wata har kwali ta yanko ta yi alwatika, ta zo da ma'auni ta ce ya auna da hannunsa. Ya auna, ya ga hamsin, ya ce ma'aunin na roba ne, rana ta miƙar da shi. Ya sa ta zagaya fili sau biyu.

Shi kuma a nasa ɓangaren, tausayinmu yake ji, tausayin kansa ya fi. Matarsa ta faɗa wa Mamanmu ko abinci ba ya iya ci. Wai ga amsa a hannunsa, daga masu jarabawar da kansu, amma Allah ya haɗa shi da yara arba'in masu taurin kai da suka rantse sai sun faɗi, su tafi da aikinsa. Wani sa'in a ɗakin ƙwallaye zuciyarsa kan ce masa anya kuwa? Sai ya zaro takardar ya ga haruffan nan baƙaƙe, bugun inji, tsaf-tsaf. Inji zai yi ƙarya ne?

Ranar gwaji ya tsaya a bakin ƙofar zaure yana bin mu ɗaya-ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce don girman Allah mu ajiye gardama yau kaɗai, mu tuna abin da ya koya mana. Muka ce to Malam. Muka shiga muka tuna shi tsaf, duk inda muka ji amsa ta yi kama da tasa muka kauce mata.

Daga waje aka kawo tambayoyin, waje aka kai aka duba. Sati guda ana jira. A satin nan Malam ya kwashe kayansa daga ɗakin ƙwallaye kaɗan-kaɗan, yau kofin shayi, gobe tsohon takalmi, don kada ranar kora a gan shi da kaya niƙi-niƙi. Yau da safe masinja ya zo ya ce Shugaba na kira. Ya cire usur daga wuya ya sa a aljihu, ya tafi kamar mai zuwa karɓar gawa.

Ya tarar da Shugaba tsaye da takardar sakamako, malamar lissafi kuma a zaune da jaririyarta a kafaɗa, ta zo gaisuwa. Shugaba ta ce ya zauna. Ya ce a'a, tsayuwar ma ta isa, a faɗa masa kawai. Ta ce mutum talatin da takwas cikin arba'in sun ci. Tun da aka kafa makarantar ba a taɓa haura ashirin da biyar ba. Biyun da suka faɗi ma su ne masu yi masa biyayya, amma wannan ni na sani, ita ba ta sani ba.

Sai ya zauna. Ya ce a maimaita. Aka maimaita. Nan take ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya ce ai ya sha faɗa wa yaran nan wata rana za su gode masa. Shugaba ta ce so take ya nuna wa Malama dabarar da ya bi, don a ɗora a kai. Ya ce dabara ɗaya ce, riƙo da amsar asali komai surutun yara. Ya zaro takardar, duk ta yi laushi da gumi, ya miƙa da hannu biyu.

Malama ta karɓa tana murmushi. Littafin nata ne, ta san shi kamar tafin hannunta. Ta duba layin farko, murmushin ya tsaya. Ta bi da yatsa zuwa ƙasa, ta dawo sama. Ta tambaye shi wa ya sa lambobin nan da jan biro. Ya ce shi ne, inji ne ya cinye na asalin. Ta tambaya da wannan ya koyar wata biyu? Ya ce ko rana ɗaya bai saɓa mata ba. Sai kafaɗunta suka fara rawa don dariya. Ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba, jaririya ta farka ta kama kuka. Da ƙyar ta iya yi wa Shugaba bayani cewa kowace amsa ta tambayar gaba ce.

Na ga ƙeyar Malam tana sheƙi. Shugaba ta cire tabarau ta ajiye. Ta tambaye shi yadda aka yi ya kai ga amsoshin a allo, tunda ba daidai suke ba.

"Ranki ya daɗe, da wahala," ya ce. "Ta daidai ai kowa ma zai iya kaiwa."

Ta tambayi Malama, to yaya aka yi yaran suka ci? Malama ta share ido ta ce ita shekara shida tana roƙonsu su buɗe littafi ba su buɗe ba, ashe wanda za su ƙaryata suke nema. Shugaba ta daɗe tana kallon sakamakon. Malam ya miƙe, ya ce a yi haƙuri, a ba shi takardar ya je ya gyara lambobin kafin ya tafi, ko ba komai ya bar abu mai kyau a bayansa.

Shugaba ta karɓi takardar daga hannun Malama, ta linke ta yadda take, ta miƙa masa.

"Ka gyara me? Ranar Litinin za ka shiga ɗaya ajin masu jarabawar da ita. Ka kuskura ka taɓa lamba ɗaya, a bakin aikinka."

Don Allah, don Annabi, ki bar shi a cikinki tukuna, ko ƙanwarki kada ta ji. A ɗaya ajin take.